Kwanon Hoce

Gusau.

Aminiyata Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya mutanen Bilbis? Da fatan ƙafar maigidanki Malam Hamidu ta yi sauƙi. Na ba direban motar Tsafe takardar nan ne don na san sabis ɗin waya a garinmu sai an hau dutse.

Yelwa, tunda tashin hankalin daji ya sa babban yarona ya ɗauko ni, jikina kawai ke Gusau. Shi da matarsa Hafiza ba su rage ni da komai ba, amma da safe kowa ya tafi ofis, sai ni sai ƙarar firij. Katangar nan ko tsani ba ya kai ta, balle in miƙa miki kwano ta sama kamar da. Abinci ya fita raina, magana ma nauyi take min.

Likita ya ce damuwa ce, ba ta yi nisa ba. Wata nas ta sa min bidiyo a waya. Kullum wata baiwar Allah, Malama Hafsat, za ta fito ta yi sallama, ta tambayi kwanana, ta sa ni jan numfashi a hankali. Ina yafa mayafi in amsa mata. Wallahi akwai ta da sauraro, na ba ta labarinki kaf.

Ki gaida kowa.
Taki, Bara'atu.

Gusau.

Yelwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya damina? Ki yi dariyarki, na yafe miki. Kwanakin baya na danna wani wuri a wayar, sai ga Malama Hafsat da atamfar jiya, da tarin jiya, a daidai inda ta yi shi jiya. Hafiza ta ce min ai ɗaukar bidiyo ce aka ajiye, kowa aka ba haka yake gani. Ashe duk surutun nan ni kaɗai nake abina! Na ji kunya, daga baya na yi kuka, don malamar kaɗai ke tambayata yadda na kwana.

Na yi fushi da Malama Hafsat kwana biyu, sannan na sake buɗe bidiyon. Ta ce yau a yi wa maƙwabci wani ƙaramin alheri. To me na iya in ba girki ba? Na yi hoce, na zuba a kwanona mai murfi, na kai gidan da ke kallon namu. Maigadi ya karɓa ta ƙaramar ƙofa, ko sannu. Har yanzu kwano bai dawo ba. Ke kin san a wurinmu ba a riƙe kwano, ba a kuma mayar da shi haka nan. Ina ta leƙen get kamar mai jiran baƙo. In bai dawo ba, ban san wa zan sake ƙwanƙwasa wa ba.

Taki, Bara'atu.

Gusau.

Yelwa tawa,

Ina yi miki fatan alheri, ke da iyali. Kwano ya dawo! Ba maigadi ya kawo ba, wata tsohuwa ce, Talatu, mutuniyar Wonaka, ita ma 'yarta ce ta ɗauko ta. Ta ce da ta buɗe ta ga hoce sai hawaye, ta daɗe kuma tana neman abin da za ta zuba, don komai na gidansu a leda yake. Ƙarshe ta ba ni sauran daddawar da ta taho da ita daga gida.

Mun zauna a tabarma har la'asar. Na nuna mata Malama Hafsat, ita ma ta gyara ɗankwali ta amsa sallamar. Ban gaya mata ɗauka ce ba.

Kwanon yana gidanta yanzu, na sake cika shi. Kar ki yi kishi, Yelwa, daddawarta ba ta kai taki ba. Na kaɗa miya da ita, ina ci ina tuna ki.

Allah ya sada fuskokinmu.
Aminiyarki, Bara'atu.