Shafi na Tamanin da Bakwai

Kilomita Biyar, Bangui
6 ga Mayu

Zuwa ga Baffa Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hanifa. Ka ce a waya Sango, yaren garin nan, ta cinye mini Hausa, to ga takarda, ka gyara inda na karkace.

Baffa, akwai abin da nake ɓoye wa Baba. Rufa-ido nake son koya, irin na saurin hannu, ba tsafi ba. Ranar da ya kama ni ina ɓatar da maɓalli a tafin hannu, ya ce kada ya sake ganin haka a gidansa, bai kuma faɗi dalili ba. Ka san tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai an roƙe shi yake magana.

Makon jiya ruwa ya kora ni ɗan laburaren nan na unguwar Miskine, wanda Madam Odile ke kula da shi. A kantar ƙasa, bayan littattafan noman rogo, na ci karo da littattafan rufa-ido uku na Faransanci, gara ta ɗanɗana gefensu. Don murna zaman dirshan na yi a ƙasa. A bangon babban cikinsu akwai katin da masu aro ke sa suna. Sunaye biyu ne suka cika shi gaba da baya: Haris, Jalaluddeen, Haris, Jalaluddeen. Ashe ku ne? Har da Baban da ya hana ni?

Sai dai wani marar imani ya yage shafi na tamanin da bakwai, daidai inda za a bayyana yadda zobe ke fita daga igiya alhali an riƙe bakinta biyu. Ko wane ne, ban yafe masa ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Mubina

Garwa-Bulai, Kamaru
21 ga Mayu

'Yata Mubina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ta hannun direba, mun yi murna ƙwarai. Hausarki da sauranta, ba ta mutu ba.

Marar imanin nan da kike nema, ni ne. Ki yafe mini.

Muna samari ni da ƙanena Haris muke wasa a bakin kasuwa ranar Lahadi, yaran masallaci da na coci su kewaye mu. Zobe da igiya shi ne abin taƙamarmu. Tsoron kada wani ya koya ya sa na yage shafin. Babanki ya yi kwana biyu ba ya kula ni, yana cewa littafin na kowa ne. Shi ke da gaskiya.

Dalilin hana ki kuwa, ni ne dai. Lokacin rikici na hau motar masu gudu da iyalina ban sallame shi ba, don na san idan na ga fuskarsa ba zan iya tafiya ba. Kwana uku yana nemana cikin gawarwaki kafin ya ji ina raye. Tun daga nan bai ɗauki wayata ba, bai kuma sake taɓa igiya ba. Ba wasan ya tsana ba, 'yata, ni yake tunawa. Kewarsa tana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ga shi na kwafe miki shafin da hannuna. Na ainihin yana aljihuna, shi kaɗai na fito da shi daga Bangui, ki bar mini. Ki lura da layin ƙarshe: wasan na mutum biyu ne. Wanda ya riƙe ɗaya bakin igiyar shi ke sassautawa a daidai lokacin, ba tare da kowa ya gani ba.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki, Jalaluddeen

Kilomita Biyar
9 ga Yuni

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Singila mingi, wato na gode ƙwarai da Sango! Na yafe maka rabi, sauran rabin yana wurin Madam Odile.

Ba ni da abokin wasa, don haka na ɗaure bakin igiyar a ƙafar kujera. Da gangan na zauna a tsakar gida, inda Baba ke kishingiɗa bayan la'asar. Kwana uku zoben na ƙin fita, shi kuma yana yi kamar rediyo yake saurare. A na huɗu ya kashe rediyon.

"Kujera ba ta san sassautawa ba," in ji shi. "Kawo nan."

Ya riƙe da hannun hagu. Na rufa hankici, na ƙirga uku, sai na ji igiyar ta ɗan yi laushi, zoben ya faɗo tafina. Baba ya yi dariya har da tari. Rabona da jin wannan dariyar tun ina firamare, ni kuwa kuka ne ya ƙwace mini.

Daga nan idonsa ya sauka kan takardarka. Bai tambayi wanda ya rubuta ba, ya daɗe dai yana shafa ta da yatsa. Sai ya ce in ba shi biro. 'Yar takardar da ke cikin wannan tasa ce, da hagu ya rubuta, ya kai har kiran magariba. Ya hana ni karantawa.

A gaida Inna.
Mubina

Yaya Jalalu,

Salamu alaikum.

Yarinyar ta fi mu hannu, amma ni na gaji da wuri, tana bukatar mai riƙe mata igiya.

Shafin nan ba naka ba ne, na faɗa maka tun tuni. Kada ka ba direba. Ka kawo shi da kanka, mu je mu mayar tare.

Ƙanenka, Haris