Majigin da Baba Bai Ƙarasa Kallo Ba

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hauwa da yara. Yaya aiki, yaya zaman Legas? Mu nan Fagam sai godiya, amma fari ya kashe mana shanu shida.

Ranar kasuwa motar majigi ta zo daga Birnin Kudu. Suka fara nuna wani tsohon fim na manomin da fari ya kashe wa sa, har ya bar gonarsa. Jama'a suka ɗau ihu, "A cire, a sa mana na rawa!" Aka sa na Indiya, kowa yana tafi.

Baba ya tashi, na bi shi. A hanya ya ce mini, "Habu, na rawan nan gobe an manta shi. Wanda ya tsara na farkon kuwa, ya taɓa tsayawa a kan dabbarsa tana mutuwa." Tun ranar ba ya cin abincin kirki, ya kuma fara maganar sayar da gona.

Don Allah ka rubuto masa, maganarka kaɗai yake ji. A sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Habu