An Yi Wa Ɗakin Gwajinmu Jeren Aro

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, ina sanar da ke cewa Baba yana nan lafiya sai dai ciwon gwiwar nan tasa, ƙanwata Sadiya ta girma har tana ɗaukar gyalena ba tambaya, kuma geron bana ya yi kyau a gonar hanyar garin Babban Mutum. Wannan shi ne labarin da ake fara bayarwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

A ɗakinki na Baure nake zaune, da hantsin Lahadi, jakata tana bakin ƙofa. In an yi azahar zan hau mota zuwa Daura, daga can in kama hanyar makaranta. Na san akwai masu leƙen wannan wasiƙa. Su yi haƙuri, ba zan faɗi sunan jami'ar ba, kuma kada wanda ya bi ni ta waya yana tambaya. Jami'ar gwamnati ce mai tsohon suna, iyakarta ke nan.

Inna, ranar Talata za mu yi baƙi. Masu tantance kwasa-kwasai ne, waɗanda ake turowa su duba ko sashe yana da malamai da kayan aikin da suka isa a ce yana koyar da abin da yake iƙirari. In sun gamsu, mu da muke ajin ƙarshe za mu fita da digirin da za a ba mu lasisin aiki da shi. In ba su gamsu ba, takardarmu ta zama ta ado, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake dubawa. A ƙa'idarsu sai sun keɓe da wasu ɗalibai sun yi musu tambayoyi ba malami a wurin. Ina cikin waɗanda aka zaɓa.

Ba ki ga shigata jami'a ba, don haka bari in gaya miki abin da nake karantawa. Ilimin gwaje-gwajen asibiti ne: jini, fitsari, majina, duk abin da likita yake so a duba masa kafin ya rubuta magani. Ke ce sanadi. Lokacin jinyarki an ɗebi jininki a wuri uku, kowane wuri da abin da ya faɗa. Kika dubi hannunki da ya sha allura kika ce, "Su dai haɗa bakinsu mana, jinin ai ɗaya ne." Kin faɗa ne kina dariya. Ni ban yi dariya ba. Ba na cewa gwaji ne ya kashe ki, ajali ne, amma tun ranar na ƙudurta cewa sai na zama mai duba jinin da za a yarda da maganarta.

Da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, Baba ya kasa riƙe sunan kwas ɗin, sai ya riƙe na jami'ar. Da shi yake yawo har yau. A kasuwar dabbobi cewa yake yi, "Rabi tana can tana karatun jini, a makarantar da ta yaye manya." Kuma gaskiyarsa. Ko a tashar Daura in na faɗi inda za ni, sai ki ga ɗan kamasho ya gyara murya. Sunan nan ba na banza ba ne, mutanen kirki ne suka gina shi da guminsu tun kafin a haife ni.

Ba zan yi mata butulci ba. 'Yar manomi daga Baure, ina ni ina jami'ar kuɗi? Wannan ce ta buɗe mini ƙofa. A nan na fara ganin ɗakin karatu mai hawa-hawa, inda mutum zai wuni ba wanda ya ce masa tashi ka ɗora tukunya. A nan na kwana ɗaki ɗaya da 'yar kudu, ta koya mini cin abincinsu, na koya mata dama fura, ta kuma riƙe mini kai a asibitin makaranta ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Muna da malaman da in suka tsaya gaban allo sai ki manta da yunwa. Yajin aiki ya cinye mana watanni, amma da aka dawo wasunsu har Asabar suke zuwa don mu cike gurbi, ba wanda ya ƙara musu ko sisi.

Abin da ba mu da shi kayan aiki ne. Akwai wani inji da yake ƙirga ƙwayoyin jini, kowane babban asibiti da shi yake aiki. Namu ya mutu tun kafin mu shigo, yana can a kusurwa an rufe shi da leda. Shugaban sashenmu, dattijo ne mai furfura, shi yake zana mana shi da alli, ciki da waje, har inda jini yake bi. Na amsa tambaya a kan injin nan a jarrabawa na ci maki mafi yawa a aji. Ban taɓa ganin sa a kunne ba.

Sai makon jiya. Muna zaune a lakca muka ji ƙarar babbar mota a bayan sashe. Kafin la'asar an sauke kwalaye, an shafe bango da fenti, an kawo janareto. Madubin ganin ƙwayoyin cuta da muke layi mu goma a kan guda ɗaya, sai ga su a jere kowane tebur da nasa. Ƙofofin ofis da muka sani a kulle aka maƙala musu sunayen malaman da ba mu taɓa gani ba. Injin ƙirga jini kuwa ga shi nan sabo fil, an liƙa tambarin sashenmu daidai kan sunan asibitin da ya ba da aron sa. In kin sa farce a gefe za ki ɗaga.

Ranar Laraba aka koya mana kunna shi, don kada mu ba da kunya a gaban baƙi. Da kowa ya fita na soki yatsana na ba shi jinina. Kafin in gama goge hannu ya fito da sakamako. Inna, na tsaya ina kallon takardar nan sai hawaye. Ashe abin da na yi shekaru ina haddacewa haka yake da sauƙi. Na yi murna, na kuma ji wani irin baƙin ciki, don na riga na ji cewa ranar Alhamis mai zuwa motar za ta dawo ta kwashe komai.

Washegari shugaban sashe ya kira ni ofis. Bai yi mini tsawa ba, da ma tsawar ya yi da ta fi mini sauƙi. Ya ce, "Rabi'atu, mun rubuta, mun roƙa, mun gaji. In suka soke mu ba inji za a sayo mana ba, rufe mu za a yi. In sun tambaye ki, ki ce da kayan nan kuka saba aiki." Na ce me ya sa ni. Ya ce makina ya fi na kowa, kuma Turancina ba ya rawa. Sannan ya kawar da kai ya ƙara da cewa, "Kuma fuskarki ba ta yi kama da ta mai ƙarya ba." Fuskarki ce fa, Inna. Duk Baure an san da wa na yi kama.

Shi ya sa na gudo gida ranar Juma'a, na ce wa Baba hutu ne.

Ina shigowa ɗakin nan idona ya faɗa kan kabad ɗinki. Kwanukanki suna nan yadda kika bar su, manyan kwallaye a ƙasa, tangaran a sama. Amare nawa aka yi wa jere da su a unguwar nan? In uwar amarya ba ta da ƙarfi, sai ta zo ta zauna a bakin gadon nan tana ta kewaye-kewaye, ke kuma ki katse ta ki ce, "Rabi, ɗauko buhu." Ni nake kai su a kaina, ni nake komowa da su bayan baƙi sun watse. Kin hana ni ko da wasa in nuna a gidan biki cewa na san kwanon. Cewa kike yi, "Rufin asirin mutum sadaka ce da ba ta rage tukunya."

To shi ne nake ta tambayar kaina, ashe ba abin da malaminmu yake yi ba ke nan? Shi ma uwar amarya ce da ba ta da ƙarfi. Na so ƙwarai in yarda da haka, da na yi barci.

Amma na tuna wata rana da na ce miki, ai wannan yaudara ce. Ba ki ji haushi ba. Kika ce, "Ango ya sani, amarya ta sani. Baƙi ne kawai ba su sani ba, su kuwa kallo za su yi su tafi, ba a ciki za su ci tuwo ba." Nan ne lissafin ya ƙi fita, Inna. Baƙinmu ba kallo za su yi su tafi ba. Hannu za su sa, su shaida wa duniya cewa duk wanda ya fito daga ɗakin nan ya iya. Daga nan a ɗauke mu a asibitoci, a miƙo mana jinin uwar wani. Su waɗannan a cikin kwanon za su ci.

'Yan ajinmu sun ji ƙishin-ƙishin cewa ina ɗari-ɗari. Wayata ba ta huta ba tun jiya. Shugaban ajinmu Auwalu, magidanci ne da 'ya'ya, ya bar koyarwa a firamare ya dawo karatu, ya turo mini cewa, "Rabi, ki ji tsoron Allah. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. In kika buɗe baki mu duka kika yanka." Raina ya ɓaci, wai ni ake ce wa in ji tsoron Allah don in yi ƙarya! Amma da na huce sai na ga ba zan iya ce masa bai yi gaskiya ba. Shi me ya yi? Ba shi ya kashe injin ba, ba shi ya ƙi gyarawa ba. Waɗanda suka bar mu a haka ba za su shiga ɗakin tambayar nan ba. Ni za a shigar.

Baba ban iya gaya masa ba. Jiya da yamma yana jingine da rumbu yana shafa gwiwa ya ce, "Saura ƙiris ko? In kin gama ke za ki duba mini ƙafar nan, na gaji da masu canki-canki." Na ce to. Sadiya kuma ta biyo ni madafa, wai baɗi jami'armu za ta zaɓa, in gaya mata gaskiya, ta kai yadda ake faɗa? Na ce mata tuwon zai kama, ta miƙo mini mara. Ta kalle ni ta fita.

Ta kai, Inna, kuma ba ta kai ba. Ina son makarantar nan. Ba na so a ce ta bakina aka rufe sashen da dattijon nan ya ƙarar da rayuwarsa a ciki. Ba na so in dawo Baure hannu rabbana in dubi Baba. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Ga inda na tsaya, ki ji. Ba zan ɗaga hannu in tona wa kowa asiri ba. Ba zan sa farce a tambarin nan ba. In sun tambaye ni malamanmu, zan yabe su har su gaji da ji, don sun cancanta. In sun ce in kunna injin, zan kunna. Amma in wani a cikinsu ya dube ni ya ce yaushe na fara aiki da shi, zan ce Larabar da ta wuce. Na gwada ɗaya amsar a bakina sau da yawa, ta ƙi fita. Abin da zai biyo baya ban sani ba, kuma ban san yadda zan ƙara zama aji ɗaya da Auwalu ba.

An fara kiran salla, dole in tashi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan duk asirin da kika rufa. Allah Ya dubi makarantarmu Ya kawo mata masu gyara, Ya fitar da 'yan ajinmu lafiya. Akwai kuma addu'a ɗaya da nake ta maimaitawa tun Alhamis, a kowace sujada, ina jin kunyar ki sani amma ba zan ɓoye miki ba. Ba cewa nake yi Allah Ya ba ni ƙarfin faɗin gaskiya ba. Cewa nake yi, Allah Ya sa kada a tambaye ni.

Ki yafe mini, Inna.

Taki har kullum,
Rabi'atu,
Baure.