Kada a Cire Katakon Nan

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? A gaishe min da Yaya da yara.

Ni lafiya lau, abinci ne kawai ya ƙi shiga kwana biyu. Wani bene ya rufta a nan, aka tura mu injiniyoyi binciken dalili. Baba, kankaren bai yi ƙwari ba aka cire katakon da ke tokare da dekin. Leburori na cin abinci a inuwarsa ya sauko musu. Da hannuna na ciro kwanon wani, cokali na ciki.

Yaya ta ce birkilanku zai kwashe katakonsa zuwa wani aiki, wai sabon dekin gidanmu ya bushe. Sama ce ta bushe, ciki ɗanye ne. Don Allah, ko zai yi fushi, kada a taɓa ko ɗaya sai na zo.

Ta kuma ce Inna ta mai da ƙarƙashinsa wurin hutawa, wai ya fi sanyi. Baba, kafin ku ba ni amsa, ku ɗauke mata tabarmar nan.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku