Zabuwa a Cikin Tsaki

Gummi, ranar Lahadi

Yaya Halliru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da mutanen Abare duka. Ya ƙafar Inna?

Saƙonka ya iso, wai in cire 'yarka Munira daga makaranta in maido ta gida, tunda gubar dalma ta dakushe mata baki, yara kuma na yi mata dariya. Raina ya ɓaci, Yaya. Yarinyar nan maganarta ce ke da nauyi, hankalinta lafiya lau.

Na sayo takarda da fenti ina zana mata littafin hotuna. Ka tuna yadda Inna ke sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe? To labarin wata 'yar zabuwa ce da ta tashi cikin tsaki, kukanta daban, tafiyarta daban, kowa na tsangwamarta. Zan karanta wa ajina, Munira na ciki. Ka ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ƙanwarka,
Saude

Gummi, ranar Alhamis

Yaya Halliru,

Ina gaishe ka, da fatan kun yini lafiya. Mu ma lafiya ƙalau.

Jiya na karanta musu. A shafin ƙarshe na zana zabuwar ta shiga akurki da magariba, ta kwanta cikin kaji, kowa ya karɓe ta. Ina ta jin kaina gwana, sai Munira ta miƙe. Wadda sai an yi da gaske take amsa sunanta, ita ce ta tsaya gaban aji, a hankali, kalma bayan kalma, ta ce na yi kuskure. Wai zabuwa ba ta kwana a akurki, bisa icce take hawa, kuma daga can take hango muzuru ta tashi gidan.

Ba wanda ya yi mata dariya har ta kai ƙarshe. Daga nan gardama ta kaure, 'ya'yan makiyaya suka goya mata baya, aka kayar da malama. Ban taɓa jin daɗin shan kaye irin wannan ba.

Na ba ta fentin ta gyara shafin da hannunta. Zabuwar na kan darbejiya, akurkin na ƙasanta, gida ɗaya. Yau yara biyu suka biyo ta har zaure, wai ta zana musu akuyarsu.

Kada ka turo kowa ɗaukarta, Yaya. Munira tana nan daram a ajinta. In kana son ganinta, ka zo da kanka ranar hutu, za ta karanta maka.

A gaida Inna.

Ƙanwarka,
Saude