Dangin Tsutsar Hanta

Zuwa ga Baffa Hammajoda, Gure.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, a gaishe min da Inna Aisatu. Ya jikin nata? Dabbobi sun sauko daga tudun Alakos?

Saƙonka ya iso, cewa in aiko da maganin tsutsar hanta, tunda karatun tsutsa ya kawo ni ƙasar Tailan. Baffa, ka yafe ni, ba ita aka ba ni ba. Tawa 'yar mitsitsiya ce mai yatsu biyar a ka, tana manne a bayan jatan landen da suke kiwo a tafki. Asalinsu ɗaya da wadda ta kashe mana shanu bakwai bara, sai dai ita ba ta cutar da mai goyonta.

Lafiyata lau, abincin ne dai bai karɓe ni ba. Jiya a ɗakin bincike na ɓamɓare tsutsa ɗaya daga bayan jatan lande, na sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta yini tana miƙa yatsu, tana laluben bayan da ta saba. Na kasa rubuta komai.

A kai sauran shanun wurin likitan dabbobi. Kada a jira ni.

Allah ya tsare mana ku.

Ɗanka,
Sufiyanu