Tsohon Sunan Karan Bado

Zuwa ga sanyin idona, hasken safiyata, masuncina Maung Zeya,

Gaisuwa gare ka, cike fal kamar tafkinmu na Inle a tsakiyar damina. Ya kai wanda zuciyata ke jiyo tuƙin jirginsa tun kafin kunnena ya ji! Na zauna in yi maka godiya, sai na tarar ta fi ƙarfin takarda.

Ka san halin da ka same mu. Kakata Daw Pyone ta yi alkawarin saƙa mayafin zaren bado ta kai gidan ibada ranar bikin fitilu, mayafi na ƙarshe a rayuwarta, domin idonta ya fara dusashewa. Ni ke zaro zare daga cikin karan badon in murza, ita ke saƙa. To wa zai shiga ruwa ya ciro mana kara, gidan babu namiji? Saura wata biyu, Kaka ta daina cin abincin kirki, ni kuwa kuka nake yi a ɓoye.

Sai ga ka da jirgi shaƙe da karan bado har yana neman nutsewa, kana ta washe baki! Haba abin ƙaunata, wa ya gaya maka kara yana jira? Wanda ba a zare shi ranar da aka ciro shi ba, bushewa yake yi, zaren ya mutu a ciki. Fiye da rabi muka zubar. Har yau ina jin muryar Kaka daga kan tsanin gidanmu: "Kai yaro, ɓauna muke kiwo da ka kwaso mana wannan ciyawa? Koma wajen kifinka!" Na ce shi ke nan, kunya ta kore mana kai.

Ashe ban san ka ba. Washegari, rana ba ta gama fitowa ba, ka dawo da dami ɗaya, daidai aikin yini. Haka jibi, haka gata, safiya hamsin da uku, na ƙirga su. Komarka tana rataye, abokanka suna yi maka tsiya wai ka zama bawan tsohuwa, ƙayar kara ta yayyanka maka hannu. Ni kuma me na taɓa ce maka? "Ajiye a nan." Wallahi bakina ne ya yi nauyi, amma duk zaren da na murza, da sunanka na murza shi.

Ka ga yadda Kaka ta kai mayafin da kanta. Abin da ba ka gani ba shi ne, kafin mu fita ta shafa shi a kumatunta, tunda ido ya ƙi, ta yi kuka har kwalliyar tanaka, hodar itacen da ke kumatun, ta wanke. Da me zan biya ka wannan, ya farin cikin raina?

Yanzu ka saurara. Akwai wani tsohon suna da Kaka take kiran karan bado da shi. Ba ya cikin littafin makaranta, ko a kasuwa babu mai faɗinsa. A bakin uwarta ta ji shi, kuma ba ta gaya wa kowa sai ɗan gida. Mu biyu kawai muka rage da shi, in ta tafi saura ni kaɗai. Jiya tana shan shayi ta ce: "Nilar, mai kiwon ɓaunar nan, ki koya masa sunan. Kada ya riƙa kiransa ciyawa a gidana."

Bara ka yi mini tambaya kan aure a bakin gada, na sunkuyar da kai na gudu. Shekara guda kana jira ba ka sake tayar da zancen ba. Ba zan rubuta maka sunan ba, ba a rubuta shi. Ka zo gobe da safe, ka taho da iyayenka, ba da kara ba. Zan raɗa maka shi a kunne.

Taka ce ni, yau da gobe, muddin bado yana tsiro a tafkin nan,
Nilar